Bakaniken da Ya Ragargaza Mota 93 Don Fim Ɗaya

Idan ana maganar fim ɗin mota, ni a wurina an gama magana tun 1974. Duk waɗanda suka biyo baya, da masu tashi da mota daga wannan bene zuwa wancan, da masu jan akwatin kuɗi a tsakiyar gari, 'yan rakiya ne kawai. Fim ɗin da nake nufi shi ne Gone in 60 Seconds, na asali, wanda wani mai gyaran jikin mota kuma mai filin tara matattun motoci a Gardena ta jihar Kalifoniya ya shirya da kuɗin aljihunsa, da motocinsa, da abokansa, da ƙashin bayansa. Sunansa H.B. Halicki. Akwai wani fim mai suna iri ɗaya da Nicolas Cage ya fito a ciki a shekarar 2000. Za mu zo kansa, kuma masoyansa su yi haƙuri da abin da za su ji.

Halicki, wanda abokansa ke kira Toby, an haife shi a 1940 a Dunkirk, wani ƙaramin gari a jihar New York, cikin gida mai 'ya'ya 13 da sana'arsu ita ce janwe da cinikin tsofaffin motoci. Tun yana yaro hannunsa ke cikin baƙin mai. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Kalifoniya, ya yi ta aikin mota har ya buɗe garejinsa, daga nan ya haɗa da janwe da sayar da kayan gyara, Allah ya buɗa masa. Mutum ne mai son tara kaya, motoci da kayan wasan yara ya cika ɗakuna da su. Babu wani kamfanin Hollywood a bayansa. Ka ɗauka wani mai shago a Panteka ta Kaduna ne ya wayi gari ya ce zai yi fim, ya kira yaran shagonsa da maƙwabta ya raba musu matsayi, sannan fim ɗin ya zagaye duniya. Abin da ya faru ke nan.

Shi ya rubuta labarin, in har za a kira 'yan takardun da ya riƙe rubutu. Shi ya ba da umarni, shi ya zuba kuɗi, shi ne jarumi, shi ya tuƙa motar a duk inda ake iya mutuwa, da aka gama kuma shi ya ɗauki fim ɗin ya shiga kasuwa da kansa. Ana cewa dala 150,000 ya kashe, ana kuma ƙiyasta abin da fim ɗin ya kawo da dala miliyan 40. 'Yan wasansa yawanci abokai ne da dangi. Ɗan'uwansa Ronald Halicki ya fito a matsayin ɗan'uwansa a fim, ya kuma sa hannu a kiɗan. In kuɗi ya ƙare sai a tsayar da ɗauka, Toby ya koma gareji ya gyara motocin mutane, in an samu na fim a dawo a ci gaba. Kai, wannan kaɗai ya isa mutum ya miƙe ya tafa masa.

Labarin ba shi da wuya. Maindrian Pace, wato Halicki, ma'aikacin binciken inshora ne da rana, ɓarawon mota ne a ɓoye, shi da tawagarsa. Wani dillalin miyagun ƙwayoyi daga Kudancin Amurka ya ba su kwangila: su sato masa mota 48 na alfarma, su kai tashar jiragen ruwa ta Long Beach cikin 'yan kwanaki, ladansu dala 400,000. Don kada wani ya gane abin da suke faɗa, kowace mota suka laƙaba mata sunan mace. Pace kuma yana da ƙa'ida guda da ba ya karyawa: ba ya satar motar da ba ta da inshora, saboda kada talaka ya yi asara, kamfani ya biya. Ɓarawo mai tausayi! Wannan ƙa'idar ce ta jefa shi cikin masifa, domin an sato mota 47 lafiya lau, ta ƙarshen kuwa, wata Ford Mustang rawaya mai suna Eleanor, ta zame masa ƙarfen ƙafa. Ya sato ɗaya ya gano ba ta da inshora, ya mayar. Sai ya je satar wata, ashe abokin aikinsa Eugene, wanda suka yi rigima kan hodar heroin da aka tarar a but ɗin wata Cadillac kuma Pace ya ƙone, ya riga ya tsegunta wa 'yan sanda.

Masu sukar fim ɗin kullum rabin farko suke kamawa, kuma ban ce ƙarya suke yi ba. 'Yan wasan ba su iya wasa ba. Gashin bakin da Pace ke mannawa da hular gashin da yake sawa don ɓad da kama, ko jariri ba za su ruɗa ba. Akwai bikin aure da aka ɗauka can Dunkirk wanda ya yi tsawo har mutum ya fara tunanin ko an manta da kyamarar ne a kunne. Sau da yawa za ka ji mutane biyu suna hira amma ba za ka ga bakin kowa ba, sai a nuna maka mota tana tafiya ko hannu yana buga lambar waya, don daga baya aka ɗora muryoyin. Duk na ji, duk na gani. Amma ku da kuke dariya, ku dubi inda kyamarar take zuwa in an bar ta ta zaɓa. Ba ta damu da fuskar kowa ba. Hannu take bi, da sukudireba, da makulli, da lambar jikin mota. Mutumin da ya shirya fim ɗin nan ya san abin da yake burge shi a duniya, kuma bai ɓata lokaci yana yi mana ƙaryar cewa wani abu ne daban ba.

Dubi yadda aka buɗe sana'ar tasu. Sun sayi wata Dodge Challenger da ta yi hatsari ta zama gwangwan, suka sato wata irinta sak mai lafiya, suka shiga gareji suka rufe ƙofa. Daga nan sai aiki: a cire lambobin matacciyar a ɗora wa rayayyar, a sauya duk abin da zai tona asiri, motar sata ta fito da takardun halal. Ana nuna maka wannan daki-daki, ba gaggawa, ba kiɗan ban tsoro, kamar oga yana koya wa yaron shago. A wani fim ɗin da an yanke wurin cikin daƙiƙa biyar a koma kan soyayya. Halicki kuwa ya tsaya, domin nan ne zuciyarsa take. Wallahi duk wanda ya taɓa tsayawa a gareji yana kallon ƙwararren bakanike yana kwance inji, ya ga yadda hannunsa ke sanin inda kowane noti yake ba tare da ya duba ba, zai gane daɗin wurin nan. Daga baya da asirin Challenger ɗin ya nemi tonuwa, Pace ya sake sace ta da janwe, aka bi shi, ya yi ta gudu da mota a rataye a bayansa tana lilo, har ya kai ta inda injin niƙa ƙarfe ya cinye ta. Wannan ɗanɗano ne kawai aka ba mu kafin a kawo tukunyar.

Su kuwa motocin, mai son tsohuwar mota sai ya riƙa tsayar da fim ɗin yana komawa baya. Ga Rolls-Royce, ga dogayen Cadillac na manyan mutane, ga De Tomaso Pantera, jikin Italiya da injin Ford, ga Manta Mirage, wata 'yar ƙasa-ƙasa da aka sace ta wajen gwajin tuƙi, dillali ya fito don su sauya kujera, ɓarawo ya taka totur ya bar shi tsaye a titi. Ga Big Oly, Ford Bronco ɗin da Parnelli Jones ya ci tseren hamada na Baja 1000 da ita a 1971 da 1972. Shi kansa Parnelli, zakaran Indianapolis 500 na 1963, ya fito a fim ɗin da sunansa yana ƙorafin an sace masa mota, kuma wa ya zo bincike? Ɓarawon da kansa! An ɗauki wani sashe a filin tsere na Ascot Park da ke Gardena, filin da aka rufe a 1990, don haka fim ɗin ya zama ajiyar tarihi ba tare da ya yi niyya ba. Akwai ma inda ɗaya daga cikin ɓarayin ya shiga wata Cadillac zai tayar, ya waiwaya ya ga damisa a kujerar baya. Gudun da ya yi ba na wasan kwaikwayo ba ne a idona.

A 1973 da ake ɗaukar fim ɗin, waɗannan motocin yawancinsu na yayi ne, wasu ma sababbi fil. Yau kowace ɗaya abin kai wa baje kolin tsofaffin motoci ce, a goge ta da auduga a kewaye ta da igiya. A nan kuwa ga su a titi, a gaban shago, ƙura a jikinsu, ana tuƙa su kamar yadda aka ƙera su don a tuƙa. Har motocin da ke wucewa a bayan fage, waɗanda ba ruwansu da labarin, sun isa kallo.

To, Eleanor. A farkon fim ɗin, inda ake rubuta sunayen taurari, sunanta kaɗai aka rubuta. Ba na Halicki, ba na kowa. A labari Mustang ce ƙirar 1973, amma masana sun daɗe da gano cewa ƙirar 1971 ce aka sauya mata fuska. Mota biyu suka taka rawar duk Eleanor ɗin da ake gani: ɗaya ta ado, wadda ba a bari ko ƙuda ya sauka a kanta, ɗaya ta shan duka. Ta shan dukan an cire mata jiki gaba ɗaya, aka yi mata kejin ƙarfe irin na motocin tseren NASCAR, aka mayar da jikin a kai, aikin da aka ce ya ci awa 250. Wannan mota ɗaya tilo ita ta yi gudun daga farko har ƙarshe. A finafinan yanzu akan tanadi mota goma ko fiye masu kama ɗaya, in wannan ta mutu a jawo waccan. Nan kuwa duk lotsawar da ka gani a minti na biyar tana nan a minti na talatin, an ƙara mata wasu. Kana kallo motar tana tsufa a gabanka.

Gudun yana farawa ne a gindin dogon benen International Tower da ke Long Beach. Pace ya shiga wurin ajiye motoci, ya tayar da Eleanor, ya fito, ga 'yan sandan ciki biyu suna jiransa a mota. Daga wannan lokacin har kusan minti 40 ba a sake numfashi ba. Minti 40, jama'a! Gudun Bullitt na 1968, wanda Steve McQueen ya yi a tudun San Francisco da koriyar Mustang, wanda duniya ke rantsuwa da shi, bai fi minti goma da 'yan kai ba. Ina girmama Bullitt, fim ne na ƙwararru, an auna komai an tsara. Amma Halicki ya ninka shi kusan huɗu, kuma ya yi hakan ne da motocin da ya saya da kuɗinsa. Motocin 'yan sandan da aka farfasa, da motar kwashe shara da ta kife, a gwanjon hukuma ya saye su, kowace a kan dala 200 ko kusa da haka, ya jibge su a fili suna jiran ranarsu. Jimillar abin da aka ragargaza mota 93.

Saboda kusan duk motar da ke kusa da hanyar gudun tasa ce, mai lura zai ga abin dariya: motar da aka wuce a Long Beach sai ka sake ganinta a ajiye a wani gari can gaba. Masu neman kuskure suna ƙirga wannan a matsayin aibi. Ni kuwa in na hango su sai in ji kamar na ga 'yan'uwa, ina gaishe su. Alama ce ta mutumin da ke da mota ƙidayayyu kuma ya ƙudura sai ya cika gari da su.

Abin da ya raba wannan gudun da na sauran finafinai shi ne nauyi. Motocin Amurka na wancan zamani manya ne, masu laushin sifirin, in suka sha kwana sai su kwanta gefe guda kamar za su kife, in aka taka birki hancinsu ya dunguri ƙasa, bayansu ya ɗaga. Kyamara tana cikin motar, a bayan kafaɗar direba, kana ganin hannun Halicki yana kokawa da sitiyari, kana ganin bonet ɗin da ya lanƙwashe yana rawa. Eleanor ta hau gefen titi inda mutane ke tafiya, ta ratsa wurin shaƙatawa, ta haye gadar Vincent Thomas, ta faɗa babbar hanyar Harbor, ta shiga Carson, ta shiga Torrance. Mutanen da ke tsaye a bakin titi baki buɗe, da yawansu masu wucewa ne da suka tarar da abin, ba a ɗauko su haya ba. Shi ya sa firgitarsu ta fi ta kowane ɗan wasa.

Wani abin da Halicki ya yi, wanda finafinai masu kuɗi ba sa yi, shi ne komawa baya ya nuna ɓarnar. Gudu ya wuce, sai kyamara ta dawo inda aka yi karo: ga motar asibiti, ga 'yan kwana-kwana, ga mutum a zaune a bakin titi ya dafe kai, ga wata tsohuwa tana dukan mota da lema don haushi. Mai janwe ne shi, ya san abin da ke biyo bayan hatsari, don shi ake kira ya kwashe. A tsakani kuma ga muryar matar da ke ɗakin rediyon 'yan sanda tana kiran sunayen tituna ɗaya bayan ɗaya, ga ɗan jaridan gidan rediyo yana tare shaidu yana tambayarsu, ga wasu samari a cikin tsohuwar Cadillac suna yawo cikin hayaƙi ba su san duniyar da ake ciki ba. Har magajin garin Carson na lokacin, Sak Yamamoto, ya fito da kansa yana jawabin buɗe ofishin 'yan sanda, sai kiran gaggawa ya zo, 'yan sandan suka watse suka bar shi da lasifika. Ka ce magajin gari na gaske ya yarda a yi masa haka a fim! Wane irin baki Toby yake da shi?

Sai haɗurran da ba a shirya ba, waɗanda aka bari a fim ɗin. A kan babbar hanya, Eleanor na kusan mil 100 a awa, direban wata Cadillac ya kuskure lissafi ya taɓa bayanta. Motar ta juya ta daki turken fitilar titi ta kayar da shi. Wannan ba ya cikin tsari. Halicki ya suma, kuma waɗanda ke wurin sun ce da ya farfaɗo abin da ya fara tambaya shi ne ko kyamara ta ɗauka. Ta ɗauka kuwa, yana nan a fim ɗin, kuma duk sanda na zo wurin sai cikina ya ɗuri ruwa ko da na san zai tashi. Ya yi jinya ya dawo, motar ma aka tashe ta ta ci gaba da wannan sabon tabon a gefenta. A shagon sayar da Cadillac na Ronald Moran da ke Torrance, an jera motocin Halicki a gaba don su sha karon, aka zuba mai a ƙarƙashin tayoyinsu don su zame. Man ya yi aiki fiye da kima, suka zame suka daki sababbin motocin shagon, dole Toby ya saye su. J.C. Agajanian ƙarami, ɗan mai filin Ascot, wanda ya fito a ɗan sanda, saura ƙiris Eleanor ta take shi lokacin da ta daki motar da yake tsaye kusa da ita. Tsallen da ya yi na ceton rai ne, shi ma an bar shi.

Mai tace fim ɗin, Warner Leighton, shi ya kamata a ba lambar yabo ta haƙuri. Ana kawo masa tulin hotuna ba tare da rubutaccen tsari ba. An ruwaito cewa da ya tambayi yadda zai jera sashen da aka yi a wani fili mai ƙura, inda motoci ke zagaye ba a ganin komai sai jiniya da turnuƙu, Halicki ya nuna masa kwali da aka zana da'ira a kai, ya ce masa sun zagaya sau biyu, rubutun ke nan. Daga irin wannan hargitsin Leighton ya fitar da gudun da ba ka taɓa ɓata a cikinsa. Kullum ka san ina Eleanor take, ina 'yan sanda suke, wace hanya ta rage. Finafinan da ke kashe miliyoyi yau sun kasa wannan, sai yanka kowace daƙiƙa har kanka ya yi ciwo.

Tsallen ƙarshe a titin 190th aka yi shi, a Redondo Beach. A labari wani hatsari ne ya tare hanya a gangare, bonet ɗin wata mota ya kwanta ya zama matakala, Pace ya taho ba inda zai bi, sai ya taka. Motar ta tashi ƙafa 30 sama, ta yi tafiyar ƙafa 128 a iska. Babu igiya, babu kwamfuta, babu wani ɗan kasada da aka ɗauko haya. Mai fim ɗin ne da kansa a ciki. Ana nuna shi a hankali, kana ganin motar tana shawagi, hancinta yana sunkuyawa, sannan ta dira, ƙarfe ya lanƙwashe, gaba ɗayanta ta girgiza kamar za ta rabe biyu. Sai kuma ta ci gaba da tafiya! Tabɗijam. Wannan dirar ta danne wa Halicki gaɓoɓi goma na ƙashin baya, kuma mai ɗaukar hotonsa Jack Vacek ya ce tafiyarsa ba ta sake komawa daidai ba. (Kada wani yaro ya karanta wannan ya je ya ɗauki makullin motar babansa. Mutumin nan yana da kejin ƙarfe da bel na tsere, kuma duk da haka ka ji abin da ya same shi.)

Bayan duk wannan tashin hankali, yadda aka rufe labarin ya fi komai daɗi, domin da wayo aka tsira. Pace ya lallaɓa da Eleanor, duk ta yamutse, ya hango wata Mustang rawaya irinta sak ana wankewa a wurin wankin mota. Ya shigar da tasa layi, ya yi wa matar da ke da waccan dabara a matsayin ma'aikacin wurin, ya ja lafiyayyar ya sauya mata lamba ya kama gabansa. Matar ta ga gwangwan ya fito daga injin wanki, ta ɗauka motarta ce aka yi wa haka, ta sulale ta faɗi. 'Yan sanda suka zo suka cafke manajan wurin, bawan Allah, saboda ya yi kama da ɓad da kaman Pace. Na tausaya masa, amma dariya ba ta bar ni ba.

Halicki bai tsaya nan ba. A 1982 ya fitar da The Junkman, inda ya farfasa abin hawa fiye da 150, har da jiragen sama a cikin rigimar. Yana da daɗi, amma bai kai na farko ba, don a lokacin ya fara sanin yadda ake yin fim. A 1989 ya fara ɗaukar kashi na biyu na Gone in 60 Seconds. Ranar 20 ga Agusta, a Tonawanda kusa da Buffalo, ana shirin kayar da wani dogon tankin ruwa, wayar ƙarfen da ke riƙe da shi ta tsinke ta sare falwaya, falwayar ta faɗo masa. Nan take ya rasu, yana da shekara 48, wata uku kacal bayan aurensa da Denice Shakarian. Mutumin da ya daki turke a mil 100 ya tashi, ajali ya same shi yana tsaye da ƙafafunsa.

Denice ce ta ba da izinin sabon fim ɗin na 2000, wanda Jerry Bruckheimer ya shirya, da Nicolas Cage da Angelina Jolie. An ƙara motocin suka zama 50, aka ƙirƙiro ƙane da za a ceta don a ce akwai dalili, aka mayar da Eleanor ruwan toka, ƙirar 1967 mai siffar Shelby GT500. Kyakkyawa ce, ban musa ba, ta sa dubban mutane sun kamu da son tsohuwar Mustang. Amma tsallenta na kan gada da kwamfuta aka taimaka masa, kuma ido yana ganewa. Motar tana tashi kamar ba ta da nauyi, ta sauka kamar an ajiye ta da hannu. Wanda ya ga dirar 1974 ba zai ji komai a jikinsa ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yau in ka ce Eleanor, yawancin mutane ruwan tokar suke hangowa, rawayar da ta sha wuyar an manta da ita.

Sunan ma sai da ya kai kotu. An shafe shekaru ana shari'a tsakanin Denice da kamfanin Shelby kan wa ke da ikon ƙera mota mai kama da Eleanor, abin da ya sa masu gareji da 'yan ƙungiyoyin tsofaffin motoci suka riƙa ɗari-ɗari da kwaikwayonta. A 2022 wata kotun tarayya a Kalifoniya ta yanke cewa Eleanor ba ta kai matsayin tauraruwar labari da doka za ta kare ba, a 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Na taya masu gareji murna, su ƙera abinsu cikin kwanciyar hankali. Amma batun da kotun ta yi cewa ita kayan aiki ce kawai, da alƙalan sun tambaye ni da na ce su sake kallon minti 40 ɗin nan, su faɗa mini wane ɗan wasa ne a fim ɗin ya fi ta nuna wahala a fuska.

Gargaɗi ɗaya ga wanda zai nema. Da aka gyara fim ɗin aka sake fitar da shi a faifan DVD wajen shekarar 2000, hoton ya fito tas, amma an cire kiɗan asali da waƙoƙinsa, an kuma sauya ƙarar injuna da ta karo da wasu sababbi. Wannan gyararren shi ya fi yawo yanzu. Ka kalle shi in shi ka samu, gudun yana nan yadda yake, tsallen ma ba a taɓa shi ba. Amma in ka ci karo da tsohon kaset na bidiyo mai sautin 1974, ko wani ya ce yana da kwafinsa, kada ka tsaya ciniki, ka biya abin da ya ce, ka ƙure murya, ka kira duk wani bakanike da ka sani ku kalla tare.